Littafin Samanja Cobbett

Jama'a, mun karanta Rural Rides, littafin William Cobbett na 1830. Mutumin Ingila ne. Ya bar soja yana samanja a 1791, ya buɗe kantin littattafai a Amurka, ya komo gida yana buga jarida. A 1810 aka ɗaure shi shekara 2 don ya soki yi wa soja bulala.

Bisa doki ya zaga ƙauyukan ƙasarsu, yana duba gonaki da abincin lebura kamar mai duba fareti. Nan ƙarfin littafin yake. Amma in fushi ya ɗebe shi, sai ya bar shaida ya kama zagi, har Yahudawa bai ƙyale ba.

Samarinmu masu niyyar rubuta tarihin zango, ku ari idonsa, ku bar masa bakinsa.