Saksofon a Gaban Sarewa: Nazarin Fayafayan Yusef Lateef na 1977 zuwa 1983

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu auna abin da zaman Zariya ya yi wa busar Yusef Lateef (1920-2013), Ba'amurken nan mabushin saksofon da ya yi aikin bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello daga 1981 zuwa 1985.

Kafin zuwansa, Lateef ya fitar da fayafai biyu a kamfanin CTI, watau Autophysiopsychic (1977) da In a Temple Garden (1979). Duka biyun kiɗan jaz ne da aka gauraya da kiɗan rawa na baƙar fatar Amurka. A namu ganin, a nan ne busarsa ta fi takura. Ganguna da jita mai amon ƙasa su ke jan ragama, bugunsu ba ya gocewa daga farko har ƙarshe, saboda haka sai mabushi ya zama kamar baƙon da aka yanka wa lokacin magana. Gwanintar tana nan, amma numfashinsa na bin umarnin ganga. Abin lura kuma, shi kansa ya ƙi jinin kalmar jaz.

A Zariya ya duƙufa ga nazarin sarewa, abin busar Fulani makiyaya, irin wadda aka sani a rugagen Dajin Rugu ta wajen Safana da Batsari. Mai sarewa ba shi da makaɗi a bayansa. Tsawon numfashinsa shi ne ma'aunin kowace gaɓa: ya ja, ya tsaya, shirun ma ya shiga lissafi. Wannan darasi muke ji a faifan In Nigeria, wanda aka ɗauka a Ikko a 1983. An kawar da fiyano, an bar busa da gangunan gargajiya, sai saksofon ya sami sararin yin doguwar magana da gajera yadda ya ga dama, yana kira ganga tana amsawa.

To, amma kada yabo ya rufe mana ido. Sarewa abar fili ce, nisa da iskar daji suna cikin amonta, ɗakin ɗaukar murya kuwa ba ya ba da wannan. Sa'an nan cin moriyar ya karkata gefe guda. Faifan Lateef ya zaga duniya, littafin da suka rubuta da Ziky Kofoworola a kan kiɗa da wasannin Hausa ya fito a 1987, alhali masu sarewar Rugu rashin tsaron da ya tsananta tun shekarun 2010 ya tarwatsa rugagensu da yawa. Duk mai son kwatanta busar Lateef da tushenta a yau, sai ya fara da cigiyar inda mabusan suka koma.