A fara haska fim ɗin a gidan mai sana'ar

Mu da muka taso muna kallon finafinan kaboyi a silima, Apache iri ɗaya muka sani: mutum a kan doki da kwari da baka, yana ihu daga kan dutse, ba a jima ba a harbe shi. Ba a taɓa nuna mana gidansa ba, balle sana'ar hannunsa. Shi ya sa na yi murna da yayin da ya shigo Amurka, na shirya finafinan tarihin rayuwar masu fasahar wannan ƙabila.

Dubi Allan Houser, gwanin sassaƙa dutse da zubin tagulla. An haife shi a Oklahoma a 1914, jim kaɗan bayan an saki iyayensa. Tun da jagoran Apache Geronimo ya miƙa wuya a 1886 gwamnatin Amurka ta riƙe Apachen Chiricahua a matsayin fursunonin yaƙi, shekara 27 cur, kuma mahaifin Houser yana cikinsu. Ɗan wannan gida ne ya koyar da sassaƙa a Santa Fe, har a 1992 aka ba shi babbar lambar yabon fasaha ta ƙasar. A 2008 aka yi fim a kansa da zuriyarsa mai suna Unconquered. Sai kuma Douglas Miles na San Carlos a Arizona, mai zana fuskokin mutanensa a kan katakon zamiya mai tayoyi da samari ke hawa, wanda gajeren fim ɗin The Mystery of Now ya nuna a 2019.

Amma akwai abin da ke damuna. Tarihin Apache cike yake da wahala, wahala kuwa tana saurin jan mai kallo, sai mai kyamara ya zauna a kanta ya manta da aikin. Ni kam hannun nake son gani. Yadda aka zaɓi dutsen, inda kurfi ya fara cinsa, dalilin da ya sa Houser yake lulluɓe uwa da ɗanta cikin mayafi guda har su zama dunƙule ɗaya. Labarin zaman kurkuku dole a faɗe shi, ban ce a ɓoye ba. Sai dai mutumin gwani ne, kuma don gwanintarsa aka zo.

Sannan ranar haskawa ta farko. Bikin finafinai a babban birni yana kawo suna da masu saye, na yarda. Duk da haka, tsofaffin da aka shiga ɗakunansu aka ɗauki muryoyinsu su ne za su gane inda aka yi kuskure, kuma yaran garin su suka fi buƙatar ganin nasu a majigi yana aiki da hannu.

Masu shirya irin waɗannan finafinai, don Allah ku fara kai su gida. Ko a filin makarantar garin ne, a kafa farin ƙyalle a haska, mutanen mai sana'ar su fara gani kafin baƙi.