Tsintsiyar da ke cikin furen masara

Duk wanda ya sayi gasasshiyar masara a bakin titin Tudun Wada da damina ya ci gajiyar wani aiki da ido ba ya gani. Kafin furen da ke saman masara ya leƙo, yana naɗe cikin ganye, akwai ƙwayoyin halitta da ke shirin raba gadonsu biyu don su zama bununi. Masana na kiran wannan rabo mayosis. Masara na da zaren gado, wato kuromosom, guda 20: goma daga uwa, goma daga uba. Dole kowane zare ya nemo ɗan'uwansa su jeru kafin a raba, alhali duk a cukuikuye suke cikin cibiyar ƙwayar.

Dabarar ita ce a kama bakin zare. Kowane kuromosom na da ƙulli a ƙarshensa, kamar na mazagin wando, wanda Hermann Muller ya raɗa wa suna telomiya a 1938. Waɗannan bakuna sai su manne da bangon cibiya ta ciki, wasu sunadarai da ake kira SUN da KASH su ratsa bangon su riƙe su, sannan a ja su daga waje. A yi ta ja, ana girgizawa, har su taru a kusurwa guda, sauran zaren ya bazu. Turawa sun ga kamar damin furanni. Ni tsintsiya na gani mai maɗauri ɗaya. Girgizar nan tana warware sarƙewa, taruwar kuma ta kawo ɗan'uwa kusa da ɗan'uwa. Ba a masara kaɗai ake wannan ba: ɓerayen da aka cire wa SUN1, ɗaya daga sunadaran SUN, ba sa haihuwa, mace da namiji.

Abin da ya fi burge ni shi ne hannun da ke iya nuna maka wannan. Sai an tsaga kara an ciro furen yana ɗanye shar, domin in ya leƙo an makara. A jiƙa shi cikin barasar ɗakin gwaji kashi 3 da asid kashi 1. A ɗauko ɗan ƙwanson bununi da bai kai ƙwayar shinkafa ba, a fasa shi da allura cikin ɗigon jan rini a kan gilashi, a ɗumama gilashin a kan wuta, a danna da babban yatsa. In ka danna da ƙarfi ka murƙushe, in ka sassauta zaren ya hau kan juna. Da irin wannan hannu Barbara McClintock ta bambance kuromosom goma na masara ɗaya bayan ɗaya, ta kuma nuna cewa zaren da ya karye ya rasa ƙullinsa liƙewa yake yi da wani.

A Samaru, masu fitar da irin SAMMAZ na haɗa masara da masara, kuma taruwar bakunan nan na taimaka wa musayar gadon da suke fata.