Tsakanin Makuba da Siminti: Nazari kan Kwaskwarimar Gidajenmu

Da zarar kaka ta yi, ko aka sa ranar bikin wani yaro, sai ka ga an jibge yashi da buhunan siminti a ƙofar zaure, za a yi wa gida kwaskwarima. Maigida da birkila kan daɗe suna shawara a kan kalar fenti, da irin tayil ɗin da aka gani a gidan maƙwabci, da silin ɗin da ake yayi. Da wuya wani ya tambayi da me aka gina bangon da za a shafe. A ganina, rashin wannan tambayar ne ke rusa tsofaffin gidajenmu fiye da ruwan Agusta.

Maginan dauri ba su raba ado da kariya ba. Bangon tubali na jar ƙasa, idan ya bushe, sai a yi masa yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa. Tana sa bango ya yi duhu-duhu, ruwa ya riƙa zamewa a kansa. Inda ruwa ya fi duka, kamar saman soro da zanko da bakin indararo, sai a sa laso. Shi kuma haɗi ne na katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara mai yauƙi. Rufi kuwa azarar giginya ce, wadda gara ba ta cika yi mata illa ba. Ƙasan ɗaki aikin mata ne: a watsa tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, a yi ta bugu da madaɓi ana waƙa har daɓe ya yi sumul. Wato kayan gamawar gidan Bahaushe daga hannun marini da majemi da manomi suke fitowa, kuma dukkansu suna barin bango ya yi numfashi, ya sha laima da damina, ya fitar da ita da rani.

Wannan fasaha ba ƙarama ba ce. Da ita Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da bakan gizonsa da har yau masana gini ke zuwa kallo. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon kimanin mita 27, da ƙasa aka yi ta, kuma UNESCO ta sanya tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Masallacin Yama da ke jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

Sai dai a faɗi gaskiya, tsohon salon yana da nasa nauyi. Yaɓe na son a riƙa sabunta shi kafin ruwa ya sauka, ga shi gayyar da ke sauƙaƙa aikin ta ja baya. Marina sun ragu, katsi ya yi wuya, giginya ta yi nisa, masu iya haɗa laso kuma tsufa ya cim musu. Wanda ya gaji da hawa soro duk shekara ya koma wa siminti da kwano, ba za a ga laifinsa ba.

Matsalar tana wurin haɗa abin da ba ya haɗuwa. Je ka tsohuwar unguwa a Kano ko Katsina ko Damagaram, ka sami bangon ƙasa da aka yi wa filasta, ka ƙwanƙwasa da yatsa. Sau da yawa za ka ji yana amsawa kamar ƙwarya, alamar simintin ya rabu da ƙasar. Siminti ba ya kama laka da kyau, kuma yadda zafi da sanyi ke motsa su ya bambanta, don haka sai ya tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye, gara ta samu mafaka. Daga waje gida fes, har ranar da falle guda zai zubo da rabin bango. Dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ko a gidan bulo kuskuren iri ɗaya ne. A shafa fentin mai a bango mai laima, bayan damina ɗaya ya kumbura ya ɓare. A yi silin mai tsada a ƙarƙashin kwano mai yoyo. A shimfiɗa tayil mai santsi a banɗakin da tsohuwa ke alwala, ko a mamaye tsakar gida da shi, ruwan sama ya rasa inda zai nutse, rana kuma ta mai da shi kamar kasko. A cire rufin soro mai sanyi a sa kwano babu silin, sannan a koma kwana a waje a watan Afrilu.

Ba dole ba ne a zaɓi tsoho zalla ko sabo zalla. A Dandaji da ke Nijar, mai zanen gine-gine Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa da aka matse da inji, aka kammala a 2018. Darasin shi ne a san halin kowane kaya, a ajiye shi inda ya dace.

Don haka, kafin ka je kasuwar kayan gini, fara da rufi da magudanar ruwa, sannan gindin bango, ado ya zo a ƙarshe. Idan bangonka na ƙasa ne, nemi tsohon magini a unguwa ka ji ta bakinsa kafin ka kira birkila, ka bar wa bangon yaɓen ƙasa da farar ƙasa. Ta haka ne kwalliya za ta biya kuɗin sabulu, gidan kuma ya kai ga jikokinka.