Tangaraho ba intanet ba ce: duba ga littafin Tom Standage

Mai karatu, idan ka taɓa jin dattijo ya ce "wayar tangaraho", to sunan wata fasaha ce da ta girmi kakansa, wato aika saƙo ta hanyar kunna lantarki da kashe shi a cikin waya. A kanta ɗan jaridar Ingila Tom Standage ya rubuta littafinsa The Victorian Internet a 1998. Hujjarsa ɗaya ce: duk abin da muke ɗauka sabo a intanet, mutanen ƙarni na 19 sun riga sun gan shi a tangaraho. Soyayya ta waya, 'yan damfara, saƙon sirri, har da masu cika baki cewa waya za ta kawo ƙarshen yaƙi a duniya.

Littafin yana da daɗin karatu, wannan ba gardama. Inda ya fi burge ni shi ne labarin wayar farko da aka shimfiɗa a ƙarƙashin tekun Atlantika a 1858, tsakanin Ailan da Newfoundland. Saƙon Sarauniya Victoria mai kalmomi 98 sai da ya ɗauki kusan awa 16 kafin ya gama isa. Me ya jawo? Doguwar waya da aka lulluɓe aka jefa cikin ruwan gishiri tana tara caji a jikinta. Ka ɗauka doguwar tiyo ce mai laushi: idan ka tura ruwa da ƙarfi ta wannan baki, sai ta fara kumbura, ruwan ya riƙa tsiyaya a hankali ta can. Haka bugun lantarki ke bajewa, na baya ya hau kan na gaba. William Thomson ya lissafa cewa idan ka ninka tsawon waya sau biyu, jinkirin zai ninku sau huɗu. Shi kuwa Wildman Whitehouse, likitan da aka ba ragamar lantarkin, bai yarda ba. Ya banka wa wayar wuta mai ƙarfin gaske, cikin 'yan makonni ta mutu murus. Sai a 1866 aka samu wadda ta ɗore.

To ina matsalar? Kwatancen ne ya yi wa littafin yawa. Kai da ke karanta wannan a wayar hannunka, da kanka kake rubutawa, da kanka kake turawa. A tangaraho kuwa sai ka je gidan waya, ka miƙa takarda, ma'aikaci ya karanta sirrinka kafin ya buga. Masu hira da barkwanci da soyayya a kan layin, waɗanda Standage ke kamanta su da mu, galibinsu ma'aikatan ne da kansu. Ga kuma tsada. A 1866 saƙon kalma 20 zuwa Amurka fam 20 ne, kalma ɗaya ta kai ladan lebura na mako guda, ko ma ta fi. Wannan ai hanyar attajiran auduga ce da gwamnatoci da manyan jaridu.

Abu na biyu ya fi damu na. Yawancin labaran littafin a Landan da New York da Faris suke faruwa, alhali wayar kanta ba ta yiwuwa sai da ƙaron wata bishiya ta dazuzzukan Malaya da Borneo, da ake kira gutta-percha, wanda ke hana ruwa taɓa tagullar. Sare bishiyar ake yi kafin a tatsi ƙaron, har ta kusa ƙarewa a wurare da dama. A littafin, ƙaron kayan aiki ne kawai. Haka nan mu da wayar ta iske a ƙarƙashin Turawan mulki ba mu da wani gurbi. Wayar teku ta iso Legas a 1886, kuma ba don Legas ta gaisa da Kano aka kawo ta ba, don Landan ta ji labarin kasuwa ta kuma ba da umarni ne. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a Agustan 1914, cikin abubuwan da Ingila ta fara yi har da yanke wayoyin tekun Jamus.

Abin mamaki, a nan ne kamannin gaske yake, kuma nan ne littafin bai tsaya ba. Har yau yawancin bayanan da ke tsallake nahiyoyi ta ƙarƙashin teku suke bi, ba ta tauraron ɗan'adam ba, sai dai yanzu haske ne ke gudu a zaren gilashi. Kuma manyan wayoyin gaɓar Afirka ta Yamma har yanzu Turai suke nufa. Ka tuna 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyi huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a tekun da ke daura da Kwaddibuwa? Intanet ta yi ta ciwo daga Gana har Najeriya, tura kuɗi ta banki ya zama aiki.

Ka karanta littafin saboda rigimar Thomson da Whitehouse, ta cancanci lokacinka. Amma in kana neman wa ya mallaki wayar, da wanda aka shimfiɗa ta dominsa, sai ka haɗa da The Invisible Weapon na Daniel Headrick, wanda ya fito a 1991.