Alƙalamin Abubakar Imam da Ladan Kuturu

Akasarin masu karatu sun san Alhaji Abubakar Imam (1911-1981) ta hanyar Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Sai dai shaharar waɗannan littattafai ta lulluɓe aikin da ya fi jefa shi cikin tsaka mai wuya, wato zamansa editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya cikin Janairun 1939. Jaridar ta gwamnatin mulkin mallaka ce, ga kuma Bature, Rupert East, a kan al'amuran ɗab'i. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shin Imam ya yi askin?

Amsar tana cikin tafiyarsa Ingila a 1943 tare da ayarin editocin Afirka ta Yamma. A can Nnamdi Azikiwe ya tsara takardar neman mulkin kai, Imam ya ƙi sa hannu. Masu sukarsa sun ɗauki wannan a matsayin biyayyar ma'aikaci ga mai ba shi albashi. Amma a tafiyar nan ce ya gana da Lugard, daga baya kuma ya rubuta masa koke kan yadda mulki ta hannun sarakuna ke danne talaka, da yadda ake toshe kunne ga matasa masu ilmin zamani. Wanda tsoro ya hana sa hannu a takarda ba zai tunkari mai ginin ya nuna masa tsagar bangonsa ba. Hujjar Imam ita ce Arewa ba ta da isassun 'yan boko da za su riƙe ragama, don haka gyaran gida ya kamata ya riga 'yanci.

Duk da haka, wannan hanya tana da naƙasu. Salon Imam na nasiha ne: karin magana, habaici mai laushi, da lallashin mai iko. Irin wannan harshe yana shiga fada ba tare da an kore shi ba, amma ba kasafai yake kama sunan azzalumi ba. Lokacin da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, masu zafin ra'ayi suna kallon Gaskiya a matsayin bakin hukuma, kuma ba a rasa dalili ba. Talakan da dagaci ya ƙwace wa gona yana bukatar wanda zai ce an ƙwace, kafin a yi masa wa'azin haƙuri.

Inda Imam ya yi zarra shi ne yadda ya girmama hankalin mai karatu. Ya buɗe fili ga wasiƙun jama'a, ya fassara musu al'amuran Yaƙin Duniya na Biyu da Hausa tsantsa, ya koya musu auna magana.

A yau mai sauraro a Wudil, ko a kara ranar Juma'a ko a majalisar dare, yana kunna rediyo ya ji sojojin baka suna yabon wanda ya saya musu fili, suna zagin abokin hamayyarsa. Sun samu 'yancin da Imam bai samu ba, amma da yawansu sun sayar da shi da araha. Imam ya karɓi albashin hukuma ya kuma faɗa mata abin da ba ta son ji, ko da da taushin murya. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata mai sauraro ya nema daga duk wanda aka miƙa wa makirfo.