Wasan 'Yan Islamiyya Kan Zaƙami: Mun Yi Dariya, Amma Akwai Gyara

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, mun zauna a filin makaranta mun kalli wasan kwaikwayon da ɗaliban Islamiyya suka shirya kan shaye-shaye. Yaran sun yi ƙoƙari, malamansu ma Allah ya saka da alheri. Abin da ya fi burge mu shi ne ba su tsaya kan kodin da tiramadol ba, sun taɓo zaƙami, wanda maƙwabtanmu Yarbawa ke kira gegemu. Tun da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, samunsa sai da kuɗi da ɓoyo. Zaƙami kuwa kyauta ne: ga shi nan a juji da kangon gidaje, da farin furensa kamar kakaki da 'ya'yansa masu ƙaya.

To amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wurare uku wasan ya kauce.

Na farko, an mai da abin raha. Yaron da ya fito a wanda ya sha yana bin kaji yana gaishe su, fili ya kaure da dariya, har da mu. Da muka waiga muka ga samari na tafi, sai jikinmu ya yi sanyi. Wallahi wani cikinsu sha'awar gwadawa ya tashi da ita. Mu da muka taɓa raka yaro asibiti tsakar dare mun san kamannin abin. Ƙwayar ido ta buɗe, baki ya bushe ƙamas, jiki zafi rau babu gumi, zuciya na dukan uku-uku, fitsari ya ƙi fita. Yana tsintar abin da babu a jikin bango, bai gane uwarsa ba. Ana iya kwana biyu ko uku a haka, in ya farfaɗo ba ya tuna komai. Wani sai jijjiga da suma, wani daga nan sai makara. Likitoci sun ce gubar, atirofin da sikofolamin, ƙarfinta ya bambanta daga tsiro zuwa tsiro. Abin da aboki ya sha jiya ya tashi, shi zai kwantar da wani yau.

Na biyu, ƙarshen wasan. An kira malam ya yi ruƙiyya, yaro ya miƙe garau. Mu da ke jan salla ba ma raina addu'a, amma guba ce a jini, ba aljani ba ne, kuma neman magani ai addini ne. Da an nuna an sa shi a keke-napep zuwa asibiti, ana shafa masa tsumma mai ruwan sanyi, uba na addu'a a hanya, an tafi da ragowar abin da ya sha, an gaya wa likita gaskiya ba kunya. Ba ɗauri, ba duka, ba ɗura manja ko madara, don wanda ba ya hayyacinsa yana iya shaƙewa.

Na uku, mai kawo kayan an sa shi baƙo, ɗan wata unguwa. Haba jama'a! Sau nawa abokin yaro ne, ɗan gidanmu, ke jiƙa shi a zoɓo wurin biki? Mu daina jingina wa wasu.

Roƙonmu ga malamai: a sake wasan lokacin saukar karatu, a gyara waɗannan wurare. Mu kuma masu shaguna da gidaje, kowa ya duba bayan katangarsa, in ya ga zaƙami ya tumɓuke. Allah ya shirya mana zuri'a, amin.